Gurbin Ranar Dawowa

Saƙon farko da safe ya shigo, Mama tana zaune a bakin ƙofar kicin tana jiran ruwan shayi ya tafasa. Auta tana ɗaki tana laluben takalmin zuwa aiki a ƙarƙashin gado, sai ta ji an kira ta a hankali, irin kiran da ake yi idan ba a so a tashi mai barci.

Ta fito ta tarar da Mama ta riƙe waya nesa da jikinta, kamar an miƙo mata abu mai zafi.

"Zo ki karanta mini wannan. Idona ne ko kuwa?"

Auta ta karɓa. Saƙon gajere ne: "Ina kwana, Mama. Ki sha maganin hawan jininki kafin ki fara rigima da maƙwabta. Ina nan lafiya." A samansa akwai sunan da Mama ta ajiye lambar da shi tun da daɗewa: Injiniya, layi na biyu.

Injiniya shi ne ɗan farin Mama, yayan Auta, kuma ya haura shekara da rasuwa. Aikinsa gyaran turakun sadarwa ne a ƙauyuka da kan duwatsu, wuraren da shi mai kai wa mutane sabis yake kwana babu sabis. A tafiyarsa ta ƙarshe zazzaɓi ya kama shi a can, kafin a kai shi asibiti abu ya yi nisa.

"'Yan damfara ne, Mama," in ji Auta. "Idan layi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani sayar wa wani yake yi."

"'Yan damfara sun san ina rigima da maƙwabta?"

"Ai duk unguwar nan an sani."

Babu wadda ta yi dariya. Ruwan ya tafasa har ya fara zuba a kan wuta, Auta ce ta sauke shi.

Sai da ta shiga motar haya, ta matse tsakanin wata mai jariri da wani mai buhun takardu, sannan abin ya faɗo mata. Layin Yaya na biyu bai taɓa zama cikin waya ba. Yana cikin 'yar na'urar intanet ɗin gidan, wadda ke kan tebur a ɗakinsa, kuma layin bai mutu ba tunda har yau da shi suke amfani. Ashe daga cikin gidan saƙon ya fito.

Auta tana aiki a wani kamfanin rarraba magunguna, ita ke kula da kwamfutocin ɗakin ajiya. Amma tana da wani aikin da ba na albashi ba. Shekarun baya, Yaya da abokinsa da ake kira Dogo sun ƙirƙiri wani ƙaramin yaren kwamfuta, suka sa masa suna Zare, wai don da shi ake ɗinke ƙananan ayyuka: ka rubuta 'yan layukan umarni, kwamfuta ta riƙa yi maka abin da ka gaji da maimaitawa. Yaren bai yi suna ba, amma ya samu mutanensa, masu shaguna da malaman makaranta da manoman zamani, warwatse a ƙasashen da Auta ba ta taɓa zuwa ba. Kafin a saki sabon Zare ga kowa, sai an yi ta fitar da na gwaji, wannan na bin wancan, ana gyara ana rushewa. Kowace fitowar gwaji tana tafe da bayanin abin da ya canza tsakaninta da wadda ta gabace ta. A da, Yaya ne ke rubuta bayanin. Bayan rasuwarsa Auta ta karɓa, ba don an roƙe ta ba, sai don ba ta so ta ga wani ya rubuta shi.

Akwai kuma tsohuwar kwamfutar Yaya a ƙarƙashin teburinsa, kullum a kunne. Ya saita ta yadda duk fitowar gwajin da aka saki za ta ɗauko da kanta ta gwada. Bayan an gama zaman makoki Dogo ya roƙi a bar ta, don ita kaɗai ce tsohon ƙarfen da suke gwaji a kansa. Mama ta ce a bari. Aka ja ƙofar ɗakin, ita kuma ba ta sake taka shi ba.

Da Auta ta dawo aiki da yamma, ta tsaya a gaban ƙofar, hannunta a kan mariƙi. Tana jin ƙugin fankar kwamfutar daga ciki, siriri, kamar numfashin mai barci. Ta ce wa kanta ta gaji, gobe ba aiki, gobe ta duba.

Washegari wani ya shigo, daidai lokacin na jiya. "Mama, idan Auta ta ce miki ta share ɗakina, ki leƙa ƙarƙashin gado kafin ki yarda."

Wannan karon Mama ba ta kira kowa ba. Auta ce ta fito ta same ta tana ta maimaita karatunsa, leɓɓanta na motsi. Kafin rana ta ɗaga Gwaggo, ƙanwar Mama, ta iso da carbinta a hannu, ta ce a yi sadaka, a yi masa addu'a, kuma a fasa wayar a sayi wata.

"Wayar me ta yi?" in ji Mama.

"To ni dai ba zan kwana gida ɗaya da ita ba."

"Wa ya ce ki kwana?"

Auta ta bar su suna yi, ta buɗe ɗakin. Warin rufaffen wuri ya tare ta, gauraye da ɗan ƙamshin man gashinsa da ya kama matashi. Hular kwanonsa ta aiki tana rataye a bayan ƙofa. A kan tebur akwai kofin da busasshen shayi ya bar zobe a gindinsa, da tulin wayoyin caji a sarƙe. Ta yaye labule, ta ja kujerarsa ta zauna a gefen baki, ta kunna allon.

Ba ta sha wahalar nema ba, don Yaya ba mai ɓoye-ɓoye ba ne. Cikin ayyukan da kwamfutar ke yi da kanta kowace safiya akwai wani mai suna "mama". Ta buɗe. Rubutun Zare ne da bai cika allo ba. A samansa akwai gurbi biyu, ranar tafiya da ranar dawowa. A ƙasa umarni ne mai sauƙi: idan yau ta wuce ranar tafiya, kuma ba ta kai ranar dawowa ba, a zaɓi saƙo ɗaya daga cikin waɗanda ya tanada, a tura wa Mama ta layin na'urar intanet. Ranar tafiya tana nan, ranar da ya fita da jakarsa bai tsaya karyawa ba. Gurbin ranar dawowa kuwa babu komai. Auta ta tuna ya ce aikin ba shi da tsayayyen lokaci, sai abin da suka tarar.

Ta daɗe tana kallon gurbin. Sannan ta buɗe bayanin fitowar gwajin da aka saki shekaranjiya, wanda ta rubuta da hannunta tana cin abinci. Layin yana nan a tsakiya, tsakanin gyaran wani kuskuren rubutu da ƙarin saurin karanta manyan fayiloli: "Kwanan watan da aka bari babu komai, yanzu ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya fi kowane kwanan wata nisa."

Ta san dalilin canjin. Masu amfani da Zare sun daɗe suna ƙorafin cewa idan suka jera ayyuka bisa wa'adi, waɗanda ba su da wa'adi sai su haye sama su tsaya a gaban na gaggawa. Dogo ya gyara, ya tura su can ƙarshe. A tsohon Zare, idan ka tambaya ko yau ba ta kai ranar da babu ita ba, amsar kullum a'a ce, shi ya sa rubutun Yaya ya yi shiru tun ranar da ya tafi. A sabon, amsar ta koma e. A wurin kwamfutar, Yaya yana kan hanya, kuma tafiyar ba ta da ƙarshe.

Ta jira sai da Gwaggo ta tafi. Ta sami Mama a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti, ta zauna kusa da ita, ta yi mata bayani da kalmomin da suka fi sauƙi. Mama ba ta ɗago ba har ta gama.

"Wato duk shekarun nan da kwamfuta nake gaisawa."

"Shi ya rubuta su, Mama. Kowanne da hannunsa."

"Yaushe?"

"Kafin ya tafi. Ya san inda zai je babu sabis, bai so ki zauna cikin zullumi."

"Da ya ce mini yana nan lafiya, ashe bai ma san ko yana lafiyar ba."

Mama ta ci gaba da tsintar, tana ture tsakuwa zuwa gefen faranti da ɗan yatsa.

"Ni kuwa ina amsa masa. Ina amsoshin suke zuwa?"

"Kwamfutar tana ajiye masa. Idan ya samu sabis yana karantawa. Na ga alamar an buɗe su."

"Duka?"

"Duka, har zuwa tafiyar da ta gabaci ta ƙarshe."

Mama ta ajiye farantin a ƙasa. Da ta sake magana, muryarta ta sauka.

"Tafiyar ƙarshen nan ko saƙo ɗaya ban samu ba. Tun daga ranar farko. Shi ya sa na ɗauka tun ranar da ya sauka yake kwance, shi kaɗai, ba ya iya ɗaga waya, mutanen kamfaninsu suka ɓoye mini. Kullum haka nake ganinsa. A kwance a ƙasan tanti, yana kiran ruwa."

"Ba haka ba ne, Mama. Sun ce sai a makon ƙarshe ya kwanta."

"Sun ce. Ban yarda da su ba." Ta share fuskarta da gefen mayafi. "Ashe gurbi ne bai cike ba. Shi da ma haka yake, ko murfin man goge baki ba ya mayarwa."

Auta ta ce za ta shiga ta tsayar da abin yanzu, ba zai ɗauki minti ɗaya ba. Mama ta riƙe mata hannu.

"Bar shi tukuna."

Haka gidan ya koma rayuwa a gefen saƙon safe. Mama ta fara yin wanka da wuri, ta sa kaya masu kyau, ta zauna a kujerar roba da wayar a cinya tun kafin lokaci ya yi. Idan ya shigo ba ta buɗewa nan take, sai ta bar shi ya ɗan jima. Wasu saƙonnin na tsokana ne, wasu na tunin magani, wasu 'yan kalmomi ne kawai, cewa sama ta yi kyau a inda yake. Da yake kwamfutar a makance take zaɓa, wani lokaci sai na jiya ya sake dawowa yau, Mama ta karanta shi kamar ba ta taɓa gani ba. Ta daina leƙa maƙwabta. Ta daina zuwa kasuwa da kanta, wai kada hayaniya ta hana ta jin ƙarar wayar, alhali saƙon ba ya wuce safiya.

Ita ma Auta abin bai bar ta ba. A wurin aiki, tana tsaka da buga takardun kwalaye, sai ta ji kamar an tsaya a bayanta ana leƙa allonta, yadda yake yi da idan zai ce mata ta manta waƙafi. Idan ta wuce ƙofar ɗakinsa takan rage sauri ba tare da ta yi niyya ba. Ta san kowane layi na rubutun nan, za ta iya zana shi a takarda ido rufe, amma duk safiyar da wayar Mama ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi.

Wata rana wutar lantarki ta ɗauke ta daɗe, batirin ɗakin ya ƙare, ta shiga ta sake kunna kwamfutar. Allon na buɗewa ta ga akwatin amsoshi ya cika da sababbi, ba a buɗe ko ɗaya ba. Ba ta yi niyyar karantawa ba, amma farkon na saman ya riga ya shiga idonta: "Na sha maganin. Kai fa, ka ci abinci?" Ta kashe allon da sauri ta fita, ta tsaya a bakin famfo tana wanke hannun da babu abin da ya taɓa.

Gwaggo ta tare ta a ƙofar gida bayan 'yan kwanaki.

"Ke ba ki ga yayata tana ramewa ba? Zanenta har sau biyu take naɗa shi yanzu. Ku da kuka iya kunna abin, ba ku iya kashewa ba?"

"Ita ta ce a bari, Gwaggo."

"Mai zazzaɓi ma cewa yake a bar shi a rana."

A makon ne Dogo ya kira ta ya ce ta biyo ta shagonsa. Shagon gyaran kwamfuta ne a bene na biyu na wata kasuwar kayan waya, ɗaki ƙarami da Dogo ke sunkuyawa kafin ya shiga. Ya kwashe gawarwakin kwamfutoci daga kan benci ya ba ta wuri.

"Canjin kwanan watan nan ya jawo mana magana," ya ce. "Wani mai lambu ya rubuto. Yana gwada sabuwar fitowar a kan injin ban-ruwansa, ya bar ranar tsayawa babu komai, da nufin kada injin ya tashi sai ya sa rana. Ya je ɗaurin aure ya dawo ya tarar da tumatirinsa na iyo. Ya turo hoto, har da agwagwar maƙwabcinsa a ciki."

"Ya yi fushi?"

"Ya ce shi ya jawo wa kansa da ya ɗora na gwaji a kan abincinsa. Amma yana da gaskiya. Mun yi magana da sauran. A fitowa ta gaba, duk wanda ya kwatanta rana da gurbin da babu komai, Zare zai tsaya cak ya ce masa ga kuskure. Ba e, ba a'a. Mu daina yi wa mutane zato. Ke za ki rubuta bayanin."

Auta ta murza igiyar jakarta. Sannan ta gaya masa komai, tun daga saƙon farko. Dogo ya ajiye sukudireban da ke hannunsa. Ya cire tabarau ya dafe idanunsa da yatsu biyu, ya daɗe a haka.

"Ni na yi canjin," ya ce.

"Ni na rubuta bayaninsa. Babu wanda ya san da rubutun nan."

"Na san da shi. A nan ya rubuta shi, kan bencin da kike zaune. Yana yi yana dariya, yana tambayata wace tsokana ce za ta fi ba Mama haushi. Na manta shaf." Ya mayar da tabarau. "Kin ga, ba dole ba ne ya tsaya. Zan iya hana kwamfutar ɗauko sabuwar fitowa, ta zauna a kan wannan. Mu nemi wani ƙarfen mu yi gwaji. Zai yi ta turowa har ranar da kwamfutar ta mutu."

"Ita kuma Mama fa?"

"Shi ne ban sani ba."

Auta ta koma gida da maganar a bakinta, ta kasa fitar da ita. Kwana biyu tana juya ta. A safiya ta uku saƙon da ya shigo wani ne da bai taɓa zuwa ba: "Mama, na kusa dawowa. Kada ki bari kowa ya zauna mini a kujera."

Mama ta karanta, ta kife wayar, ta ce wa Auta ta tafi aiki kada ta makara. Auta ta tafi, amma zama ya gagare ta. Kafin azahar ta nemi izini ta dawo. Tun daga kan kwana ta hango ƙofar gidansu a buɗe, Mama tsaye a bakinta cikin rana, ba mayafi, tana kallon inda motocin haya ke sauke mutane. Duk motar da ta tsaya sai ta ɗan miƙa wuya.

"Mama."

Ta juyo. Fuskarta a bushe take, babu alamar kuka.

"Na san ba zai zo ba," ta ce. "Kada ki kalle ni haka, hankalina ɗaya. Ni na sani. Ƙafafuna ne ba su sani ba, tun safe suke kawo ni nan."

Auta ta kama ta suka shiga ciki, ta ba ta ruwa. A falo ta ga an goge kujerar da Yaya ke zama, an ɗora mata sabon matashi. A nan ta gaya mata maganar Dogo, duka biyun: cewa sabuwar fitowa za ta tsayar da saƙonnin da kanta, da cewa ana iya hana hakan idan tana so.

Mama ta shanye ruwan, ta riƙe kofin a hannu.

"Idan ta tsayar, me za ta ce?"

"Za ta ce akwai kuskure. An bar gurbi babu komai."

"Kullum?"

"Kowace safiya za ta gwada, ta ce kuskure, ta haƙura."

"A'a," in ji Mama. "Ba za a bar mini yaro a hanya ana ce masa kuskure ba. Tashi ki nuna mini wurin."

A bakin ƙofar ɗakin ta ɗan tsaya, ta dafa bango, sannan ta shiga. Ba ta kalli gadon ba, ba ta kalli hular ba. Ta tsaya a bayan kujera ta dafa kafaɗar Auta. Auta ta buɗe rubutun, ta ƙara girman haruffa, ta nuna mata da yatsa: nan ranar tafiya, nan kuma gurbin.

"Ɗan wannan wurin ne?"

"Shi ne."

"Akwai waɗanda ban gani ba cikin saƙonnin?"

"Akwai saura. In karanta miki?"

Mama ta yi tunani. "Bar su. Idan na ji su duka, sun ƙare ke nan." Ta matse kafaɗar Auta. "Cike masa."

"Wace rana zan sa?"

"Ranar da suka kawo shi mana. Ai ya dawo. Ni na buɗe musu ƙofa."

Auta ba ta bukaci duba kalanda ba. Ta yi kuskure a shekarar, ta goge ta sake. Ta adana, sannan ta umarci rubutun ya yi aiki nan take don ta tabbatar. Ya yi, ya gama, bai ce komai ba. Suka tsaya suna kallon wayar Mama a kan tebur. Ba ta yi ƙara ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mama."

Sai a lokacin Mama ta zauna a bakin gadon, ta jawo matashinsa ta rungume, ta yi kukan da Auta ba ta ji ta yi ba ko ranar da aka kawo shi. Auta ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafafunta har ta yi shiru.

Safiyoyin da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. Mama ta ci gaba da zama da wayar a cinya, lokacin ya zo ya wuce, ta tashi ta kama aikinta. A hankali zaman ya riƙa gajarcewa. Auta ta rubuta bayanin sabuwar fitowar, ta sa maganar kwanan wata a layin farko, ta ƙara gargaɗi cewa duk mai tsohon rubutu ya duba guraben da ya bari a buɗe kafin ya ɗauko. Mai lambu ya rubuto ya yi godiya.

Bayan wata guda Mama da kanta ta ce a kira Dogo ya zo ya ɗauki kwamfutar, ta fi amfani a shagonsa. Kafin ya zo Auta ta tambaye ta yadda za a yi da amsoshin da ke ciki.

"Kin karanta?"

"Farkon guda ɗaya kawai, ban yi niyya ba."

"Goge su. Ba na masu rai ba ne."

Ta goge. Rubutun Yaya da saƙonninsa kuwa ta kwafe a ɗan ƙaramin abin ajiya ta jefa cikin akwatin kayanta.

Dogo ya zo da yamma, ya durƙusa ya gaida Mama, ya kasa haɗa ido da ita. Ta sa aka kawo masa shayi, ta ce ya zauna.

"Kai ka yi magana da shi a tafiyar nan?"

"Sau ɗaya, Mama. Bayan sun yi kamar mako biyu a can. Ya hau kan dutse ya samu sabis, ya kira ni."

"Me ya ce?"

"Wai awaki sun cinye musu wayar da suka shimfiɗa, suna jiran a kawo wata. Ya ce akuyar da ta fi ci tana bin sa duk inda ya je, har ya naɗa ta mataimakiyar injiniya. Yana ta dariya, iska na kaɗa maganar, rabi ma ban ji ba. Sai ya ce in duba masa wani gyara a Zare, layin ya yanke."

"Muryarsa lafiya?"

"Garau, Mama."

"Ni bai kira ni ba."

Dogo ya sunkuyar da kai. "Ya ce yana gamawa da ni ke zai kira. Ina jin sabis ɗin ne ya gudu."

Mama ta gyaɗa kai a hankali. Ko ta yarda ko ba ta yarda ba, Auta ba ta iya ganewa ba.

"Akuyar wace iri ce?"

"Bai faɗa ba."

"To sake ba ni labarin daga farko. Kada ka yi sauri."

Dogo ya sake, wannan karon ya tuno har da maganar mai gadin wurin da ke rantsuwa ba awakinsa ba ne alhali suna kwana a ƙofarsa. Shayinsa ya huce bai sha ba. Da rana ta kusa faɗuwa ya shiga ɗakin, ya kashe kwamfutar, ya naɗe wayoyinta, ya rungumo ta a ƙirji. Auta ta riƙe masa ƙofar gida har ya samu mota.